Ba bindiga kaɗai ta kawar da baraden Turai ba

An daɗe ana cewa bindiga ce ta kawar da baraden Turai masu sulke dare ɗaya. Tarihi bai nuna haka ba. A yaƙin Courtrai, wani gari a Beljiyam ta yau, a 1302, tun bindiga ba ta shigo fagen daga ba, dakarun yankin masu yaƙi a ƙafa suka ja daga bayan ramuka da dogayen masu, suka karya baraden Faransa. Da wuya doki ya afka wa sahun masu muddin sahun bai watse ba. A yaƙin Crécy, a Faransa, a 1346, kiban Ingilawa ne suka yi aikin. Ga tsada kuma: kuɗin barde ɗaya ya ishi dakaru da dama. Duk da haka barade sun kai ƙarni na 16, har maƙera na gwada sulken ƙirji da harsashi.

Mai son tantancewa ya jera shekarun yaƙe-yaƙen nan ya kwatanta da lokacin da bindiga ta yaɗu. Don Allah a tura wa wasu.