Bayan ambaliya, a yi hattara da "an ce ana rabo"

Duk wanda ya yi wayo a Rikkos, Gangare ko Unguwar Rogo bai manta da watan Yulin 2012 ba. A farkon azumi ne ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kogin Dilimi ya tumbatsa ya bi mutane har cikin ɗaki. Sama da mutum 30 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Jos, aikina shiga gida-gida, kuma duk damina abu ɗaya nake gani: da ruwa ya janye, sai jita-jitar tallafi ta cika unguwa.

"An ce ana rabon shinkafa a sakatariya." "An ce kowane magidanci zai samu kuɗi, amma gobe za a rufe fom." Idan ka tambayi wanda ya faɗa, sai a miƙo maka waya ka saurari wata murya a WhatsApp, ba suna, ba ofis, ba ranar da aka yi ta.

Akwai gidan da na shiga kwana uku bayan wani ruwa. Katifa na shanye a kan katanga, kwanuka cike da laka, ga yaro ɗan shekara biyu kwance a tabarma yana gudawa, idanunsa sun faɗa. Yayarsa, wadda ba ta fi shekara goma ba, ita aka bar wa shi. Uwar ta fita tun asuba bin layin rabo. Sai bayan la'asar ta dawo hannu rabbana, ashe har naira dubu biyu ta ba wani "kuɗin fom". Na ce, "Yaya, wane ruwa kuke sha?" Ta nuna mini rijiyar tsakar gida. Taku kaɗan daga rijiyar, masai ya rufta. Ban ga laifinta ba, wallahi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma 'yan damfara sun san haka.

Ga yadda aikin hukuma yake tafiya. NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita ce hukumar agajin gaggawa ta tarayya, kuma tana da ofishi a garin nan. Jihar Filato tana da tata, wato SEMA. Kafin a kawo komai, jami'ai sukan zo su duba ɓarna da idonsu, tare da mutanen ƙaramar hukuma da mai unguwa, su rubuta gidajen da abin ya shafa. Ba a sayen fom ɗin agaji. Duk wanda ya nemi ko naira ɗari don ya saka sunanka, ba daga gwamnati yake ba, in ma daga can yake, haramun yake nema ya ci da kai. Haka kuma babu jami'in agaji da zai buga maka waya ya nemi lambar sirrin katin ATM ɗinka, ko lambar nan da banki ke turowa ta saƙo. Da ka karanta masa ita, ɗan abin da ya rage maka a asusu ya tafi. Shafin da aka turo aka ce ka cike, sannan ka tura wa mutum goma kafin kuɗi su shigo, tarko ne, ko da an liƙa masa tambarin gwamnati.

Ban ce zargin jama'a ba shi da tushe ba. Mun ga abin da ya faru a Bukuru a watan Oktoban 2020, lokacin da mutane suka fasa rumbun kayan tallafin korona suka tarar da abinci jibge. Agaji yakan makara, yakan zo bai isa ba, wani lokaci kuma sai ka ga sunan wanda ko takalminsa bai jiƙe ba a takarda. Wannan yana ci mini rai ni ma. Amma maganinsa shi ne unguwa ta riƙe nata lissafi. A zauna da mai unguwa, liman da fasto, matasa, kuma lallai da mata, don su suka san gidan bazawarar da ba ta da mai magana a madadinta. A rubuta kowane gida da abin da ya rasa, a ɗauki hoto da waya, a karanta sunayen a bainar jama'a. Mutum biyu ko uku kawai za a wakilta su je su tabbatar da kowane labari wurin kansila ko ofishin SEMA, sauran jama'a su tsaya gida su kama aiki.

Aikin kuwa ba ya jiran kowa. Kwalara ba ta jiran a gama rabo. Rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga, kar a sha ta sai an yashe an saka mata sinadarin kulorin, mu ma'aikatan lafiya za mu nuna muku ma'auni. Kafin nan, a tafasa ruwan sha sosai, a rufe shi, a wanke hannu da sabulu bayan ban ɗaki da kafin cin abinci. Hatsin da ya kwana a ruwa ya fara funfuna, a haƙura da shi, komai zafin asarar. A ɗaura gidan sauro ko da a ajin makaranta aka fake. Matasa su yi gayya su yashe kwatoci, kamar yadda aka saba tun kafin a san wata hukuma.

Idan yaro ya fara gudawa, a jiƙa masa ORS, wato garin gishiri da sukari na mai gudawa, nan take. In babu, a samu tafasasshen ruwa lita ɗaya da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Idan kashin ya koma kamar ruwan shinkafa, ko yaron ya kasa sha, a kawo shi asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Lambar kiran gaggawa 112 ce, kuma kyauta ake kira.