Fanadol ba maganin kyanwa ba ne

A gidaje da yawa, idan mage ta kwanta ta ƙi cin abinci, ko ta faɗo daga kan katanga ta dawo tana ɗingishi, sai a ɓalli rabin fanadol a jiƙa a ɗura mata. Wai ai abin da ke sauke wa yaro zazzaɓi ba zai cutar da dabba ba, in dai an rage. Tausayi ne, amma shi ke kashe ta.

Hantar ɗan Adam tana da sinadarin da ke sarrafa farasitamol, wato maganin da ke cikin fanadol, har ya fita ta fitsari. Hantar kyanwa kuwa kaɗan ƙwarai take da shi. Sai maganin ya rikiɗe ya zama guba, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini su kasa ɗaukar iskar oksijin, ya kuma taɓa hantar kanta. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta halaka babbar mage, rabin ma ba tsira ba ne.

Cikin 'yan sa'o'i za ka ga tana haki tana dalala, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, daga baya fuska da ƙafafu su kumbura. Kada a tsaya ba ta madara ko manja, ba sa karya wannan gubar. Makarinta, asitilsistin, yana wurin likitan dabbobi, kuma ya fi aiki in an gaggauta. A tafi da kwalin maganin, a faɗa masa yawan da ta sha da lokacin.