Wai takalmi kalar zobo na mata ne?

Har yanzu idan ka shiga layin masu takalma a kasuwar Sabon Gari za ka ji saurayi yana cewa shi dai baƙi ko burawun, wai marun, wato kalar zobo, ai na mata ne. Malam wa ya gaya maka? Tun zamanin kakanni dukawa ke rina fatar akuya da karan dafi ta fito jawur, kuma maza ne ke sa ta, je ka kalli mahaya ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau ka ga sirdi da takalman hawa.

Wasu kuma sun ɗauka sai da kwat yake tafiya, a'a wallahi, kaftani na farar shadda ko ruwan toka ko nebi bulu duk yana ɗauka, musamman hafkoba in hularka tana da ɗan zaren ja a jiki. Inda ake kwafsawa shi ne a haɗa shi da jan yadi, abin ya yi yawa.

Sai wajen gogewa, kar ka bari mai shushaina ya shafa masa baƙin folish don zai cinye kalar, ka ce ya sa marun ko marar kala.