Waiwaye: Ciwon hanta nau'in C da zamanin sirinjin kwalba

Tun da gwajin jini kafin aure ya fara yawaita a Birnin Kebbi da Argungu, maganar ciwon hanta ta shiga majalisu. Wani ya ce cutar zamani ce, wani ya ɗora laifi kan maiƙo, wani har ya daina shan ruwa a moɗa ɗaya da ɗan'uwansa. Nau'in C kuwa ba ta moɗa yake bi ba, ta jini yake bi, kuma ya daɗe a jikin mutane kafin a raɗa masa suna.

A shekarun 1970 likitoci a Amurka suka lura wasu da aka yi wa ƙarin jini suna kamuwa da ciwon hanta wanda ba A ba ne, ba kuma B ba. Sai a 1989 aka gano ƙwayar cutar, aikin da ya kai Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice ga lambar Nobel a 2020.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne zamanin da allura ta zama sarkin magani. A Masar, daga shekarun 1950 zuwa farkon na 1980, an yi gangamin yi wa mutanen karkara allurar tsargiya, wannan fitsarin jinin da masuntan Yauri suka sani sarai. Niyya ce ta alheri, kuma a lokacin babu wanda ya san da ƙwayar. Sai dai sirinjin kwalba ne, a yi wa wannan a yi wa wancan, layi ya yi tsawo, tafasawa ba ta samuwa yadda ya kamata. Bayan shekaru ƙasar ta wayi gari kan gaba a duniya wajen kason al'ummar da ke ɗauke da cutar.

Wannan sirinjin ni ma na san shi. Ina yaro akwai mai allura a unguwarmu, yana dafa shi cikin ƙaramin gwangwani a kan risho, ruwan bai gama tafasa ba ya tsamo, saboda mata biyar na zaune a tabarma da goyo suna jira. Iyayenmu da bakinsu suke roƙo: "Don Allah a yi masa allura, ƙwaya ba ta jin sa." Askar da ta zaga kawuna da yawa da ƙahon wanzami su ma hanya ce, amma a ganina allura ce ta fi yin nisa, domin ita ce muka yarda da ita ido rufe.

Cutar tana da haƙuri. Takan yi shekara 20 ko 30 shiru tana cin hanta, kafin shawara ta bayyana a ido, ciki ya kumbura, wani lokaci har daji ya shiga. Magidancin da aka miƙa wa sakamako yau a Jega, mai yiwuwa tun yana goye ya ɗauka, shi ya sa zargin da ake yi wa irinsu yake min ciwo.

Rigakafin da ake yi wa jarirai na nau'in B ne, C ba shi da rigakafi har yanzu. Amma tun da aka amince da maganin sofosbuvir a 2013, ƙwayoyin sha na kimanin mako 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Masar ɗin ta koma a 2018 ta gwada jinin miliyoyin mutanenta, ta ba waɗanda aka samu da cutar magani.