Bibiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa bayan tsiyayar man fetur

Bibiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa aiki ne na auna ruwan da rijiyoyi ke sha daga gare shi, a kai a kai, bayan tankin gidan mai ya huje ko bututu ya fashe. Ana son a san ko man ya kai ga ruwa, ina ya nufa, kuma ƙaruwa yake yi ko raguwa. Gwaji ɗaya ba ya amsa waɗannan tambayoyi, shi ya sa aikin kan ɗauki shekaru.

Fetur da dizal da kananzir sun fi ruwa rashin nauyi. In sun ratsa ƙasa sai su kwanta a saman ruwan, wani kaso kuma ya narke ya bi ruwan duk inda ya gangara. Wanda ya narke ɗin ne abin tsoro, musamman sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce mikrogiram 10 (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a lita ɗaya ta ruwan sha, a Amurka kuwa iyakar 5 ce. Wannan adadi ya yi ƙanƙantar da hanci ba ya kama shi, don haka rashin warin mai a guga ba shaidar tsabta ba ce.

Rijiyoyin awo

Ana haƙa 'yan siraran burtsatse na musamman, ba na sha ba. Aƙalla uku ake buƙata kafin a gane inda ruwa ya dosa: ɗaya a bayan wurin tsiyayar, ta inda ruwan ke tahowa, domin a san yadda ruwan yake tun asali, sauran a gaba, ta inda yake gangarawa. Dole ramukan jikin bututun rijiyar su ratsa daidai saman ruwa. In an zurfafa su fiye da kima, man zai yi ta yawo a samansu, sakamako ya fito fes alhali ɓarna na nan.

Mai ɗaukar samfur yakan fara auna zurfin ruwa da kaurin man da ke kansa, ya janye ruwan da ya daɗe a rijiyar, sannan ya cika 'yan kwalabe maƙil ba tare da ko ƙwayar iska ba, don benzin saurin tashi gare shi. A cikin ƙanƙara ake kai su ɗakin gwaji. Akan duba iskar oksijin da ke cikin ruwan ma, domin raguwarta alama ce ta ƙananan halittu na cin man.

Yanayi na rikita lissafi. Da damina ruwa kan tashi ya danne man a tsakanin yashi, a ga kamar ya ɓace. Da rani in ruwan ya ja baya sai man ya sake bayyana. Rahoton da aka gina a kan awon damina kaɗai abin a yi masa kallon tsanaki ne.

Misalin ƙasar Ogoni

A watan Agustan 2011 Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a jihar Ribas. Masu binciken sun haƙa rijiyoyin awo 142, suka gwada samfura sama da 4,000. Mafi muni shi ne abin da suka tarar a Nisisioken Ogale cikin ƙaramar hukumar Eleme, kusa da bututun kamfanin NNPC: tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan da jama'a ke sha, ga benzin da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya fiye da sau 900. A Ejama-Ebubu kuwa, inda mai ya malala kimanin shekara 40 kafin binciken, gurɓatar ba ta gushe ba duk da yunƙurin sharewa da aka sha yi.

Rahoton ya nemi a kai wa mutanen Ogale ruwan sha cikin gaggawa, ya ba da shawarar ware dala biliyan ɗaya na shekara biyar ta farko, ya kuma ƙiyasta cewa farfaɗo da yankin zai ci shekara 25 zuwa 30. Gwamnatin tarayya ta kafa shirin share gurɓatar mai, wato HYPREP, a 2012, amma sai a watan Yunin 2016 aka ƙaddamar da aikin sharewar a garin Bodo.