Waiwaye: Likitan taɓin hankali da neman lokacin bincike

A shekarar 1979 wani likita ɗan Amurka, James Wyngaarden, ya yi rubutu a mujallar likitoci ta New England yana kukan cewa likitan da ke haɗa duba marasa lafiya da bincike ya kama hanyar ɓacewa. Kukan ya shafi kowane fanni, amma ya fi yi wa fannin taɓin hankali zafi, domin can dama ba su da yawa.

Ba haka aka faro ba. A Jamus, Emil Kraepelin yakan rubuta labarin kowane majinyaci a kati, ya bi shi shekara da shekaru don ya ga inda ciwon zai kai shi. A ƙarƙashinsa ne a birnin Munich Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu, ya bayyana cutar da ke ɗauke da sunansa a 1906. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ragamar ta koma Amurka, inda tafarkin Sigmund Freud, likitan da ya kafa hanyar jinya ta nazarin zuciya, ya mamaye manyan sassan koyarwa. Aka riƙa koya wa sabon likita sauraro da fassara abin da ke cikin zuciya, gwaji da ƙididdiga kuwa suka koma gefe. Ba mamaki magungunan da suka sauya fannin daga waje suka zo: lithium daga Ostareliya a 1949, chlorpromazine daga Faris a 1952.

Duk da haka, akwai masu neman ƙwarewa da suka ƙi bin yarima a sha kiɗa. Eric Kandel ya fara horonsa a Boston a 1960, da ya gama sai ya nufi Faris ya duƙufa kan wani dodon koɗi na teku mai manyan ƙwayoyin jijiya, yana bin diddigin yadda tunawa ke zama a cikinsu. Wannan ne ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. Shi kuwa John Feighner, yana tsakiyar horo a Jami'ar Washington da ke St. Louis ya zauna da malamansa, irin su Eli Robins da Samuel Guze, suka tsara sharuɗɗan gane kowace cuta: alamu nawa, na tsawon wane lokaci. Takardar ta fito a 1972 da sunan ɗalibin a gaba, kuma ita ta share fagen DSM-III na 1980, kundin da likitocin Amurka suka bi wajen rarrabe cututtukan taɓin hankali. A ganina babu wani sirri a nan. Manya ne suka ba yaro lokaci, suka zauna da shi.

Gwamnatin Amurka ta gwada nata. Tun 1964 hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, ke ɗaukar nauyin masu haɗa digirin likita da na bincike (PhD), karatun da ke cin shekara 7 zuwa 8, sai dai kaɗan ne cikinsu ke zaɓar taɓin hankali. A 2003 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da rahoto kan lamarin, ta nuna cewa shekara 4 na horon sun cika maƙil da aikin asibiti, ga ƙarancin malaman da za su ja ɗalibi a jiki. Daga nan jami'o'i da dama suka faɗaɗa tsarin ware wa mai son bincike wani kaso na makonsa, da tallafin NIMH, reshen NIH mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Birtaniya ma, bayan rahoton kwamitin Mark Walport na 2005 kan horar da likitoci masu bincike, ta buɗe gurabe masu ba da kashi ɗaya cikin huɗu na lokaci ga bincike.

A takarda ke nan. Idan majinyata suka yi yawa, ko abokin aiki ya kwanta ciwo, ranar bincike ce ake fara yankewa, don gado ba ya jira. Ga bashin karatu a wuya, ga albashin asibiti da ya ɗara na ɗakin gwaji. Wanda ya jure duk wannan kuma, galibi sai ya haura shekara 40 kafin ya samu babban tallafinsa na farko daga NIH.