Wasanni ne ke ciyar da jami'o'in Amurka?

An daɗe ana cewa kuɗin wasanni, musamman ƙwallon ƙafa irin na Amurka, ne ke riƙe da karatu a jami'o'in Amurka. Wanda ya ga filin wasa cike da mutum 100,000 ba zai ga laifin mai faɗin haka ba.

Sai dai cikin jami'o'i sama da 300 na rukunin farko, wato matakin ƙoli na gasar wasannin jami'o'i, ƙalilan ne wasanninsu ke biyan kuɗin kansu. Sauran daga asusun jami'a da kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai ake cike giɓin, har ɗalibin da bai taɓa shiga fili ba yana biya. Wannan ya kamata iyaye su sani.

Wasu jami'o'in gwamnati kan wallafa rahoton kuɗin wasanninsu a intanet. Ku duba layin tallafin da jami'a ke ba wasanni da na kuɗin ɗalibai, ku cire su daga kuɗin shigar wasanni, ku ga abin da ya rage.

Don Allah ku tura wa wasu.